Arduino, ESP32, Pico ko Raspberry Pi: wanne za ka fara saya a Legas?

Ɗan wana da ke karatun lantarki ya same ni a shago a Agege wata Asabar, riƙe da 'yar takarda mai sunaye huɗu. Ya ce, "Baffa, kaina ya ɗaure. Malaminmu ya ce Arduino, wani ɗan ajinmu ya ce Arduino ya tsufa, ESP32 ake yayi, a YouTube kuma kowa Raspberry Pi yake nunawa. Ni kuɗin guda ɗaya nake da shi." Na tambaye shi me yake son haɗawa. Ya ce abin da zai kashe injin jan ruwa idan tankin gidansu ya cika, don ya gaji da faɗan Hajiya duk ranar da ruwa ya malale tsakar gida.

Amsar da na ba shi ita ce na faɗaɗa a nan. Amma kafin a shiga awo, akwai abin da sunayen suke ɓoyewa. Arduino Uno da ESP32 da Pico 'yan gida ɗaya ne: ƙananan alluna ne masu kwakwalwar lantarki da ake loda wa umarni guda, da an ba su wuta su kama aiki nan take, an ɗauke su tsaya, an dawo da ita su sake farawa ko a jikinsu. Raspberry Pi 4 ko 5 kuwa cikakkiyar kwamfuta ce mai tafiya da babbar manhajar Linux daga katin memori, tana buƙatar lokaci kafin ta tashi, kuma tana so a kashe ta da ladabi. Pico da Pi kamfani ɗaya ne na Ingila ya yi su, amma sunan uba kawai suka haɗa.

Abin da nake aunawa da shi

Na farko kuɗi, kuma ba na nufin kuɗin allon shi kaɗai. Ina nufin duk abin da sai ka saya kafin fitilar farko ta kama. Zan faɗi farashin kamfani da dala, domin na naira a Alaba da Ikeja bin dala yake yi, na safe ma yakan saɓa da na yamma.

Na biyu juriya, kuma a garin nan juriya iri uku ce: jure kuskuren mai koyo, jure ɗaukewar wuta ba sallama, da jure laima. A Kano ƙura ce ke kashe kayan lantarki, a Legas danshin teku ne, ya bi ƙafafun allo ya mai da su kore.

Na uku sauƙi: kwana nawa za ka yi kafin abu ya yi aiki, kuma idan ka maƙale wa za ka tambaya. Na huɗu haɗari, ga aljihunka da kuma jikinka. Na ƙarshe, wanda ya rinjayi sauran, shin aikin yana buƙatar intanet, ko kyamara, ko kuwa kunnawa da kashewa ne kawai?

Arduino Uno

A garin Ivrea na Italiya aka fara Arduino a 2005, don ɗaliban zane da ƙira waɗanda ba injiniyoyi ba ne, kuma har yau wannan asalin yana nan a jikinsa. Uno R3, wanda shi ne ya cika kasuwa, yana ɗauke da kwakwalwar ATmega328P mai gudun 16 MHz, da wurin ajiye umarni 32 KB, da wurin tunani 2 KB. Ƙafafunsa, wato wuraren jona waya, 14 ne na kunnawa da kashewa, 6 na auna ƙarfin wuta. A takarda shi ne mafi rauni a cikinsu, nesa ba kusa ba.

To me ya sa har yanzu nake miƙa wa mai koyo shi? Saboda da bolt 5 yake aiki, kuma mafi yawan arhan kayan da za ka samu a kasuwa, rile ne (makunnin da allo ke kunnawa da kashewa), sensar auna nisa ta HC-SR04 ce, ƙaramin allon rubutu mai layi biyu ne, duk 'yan bolt 5 ne. Ka soka waya a rami, ta yi aiki. Ba ruwanka da dalma, domin ramukan suna nan da lambobinsu a rubuce. Kuma yana da haƙuri. Na ga yara sun yi masa haɗin da ya kamata a ce ya ce ga garinku nan, ya yi zafi, a cire a gyara, ya ci gaba. Akwai fis mai farfaɗowa da kansa a hanyar USB ɗinsa, wanda ke kare kwamfutarka idan ka haɗa wuta da ƙasa. Idan ma kwakwalwar ta ƙone, a kan Uno mai doguwar baƙar kwakwalwar nan mai ƙafa 28 kamar shanshani, ɓanɓare ta ake yi a dasa wata. Sai dai ka tabbata sabuwar an riga an saka mata 'yar manhajar karɓar lodi, in ba haka ba za ta yi maka shiru.

Na asali ya haura dala 20. Wanda aka fi samu a nan kwaikwayo ne daga Sin, a kan kaso kaɗan na wannan kuɗin, kuma ba sata ba ce, don Arduino da kansu suka saki zanen allon ga kowa. An ce araha ba ta ado, amma a nan ta yi ƙoƙari. Matsala biyu ce tattare da ita. Yawancin kwaikwayon suna amfani da guntun CH340 wajen magana da kwamfuta, kuma wata kwamfutar ba za ta gan shi ba sai ka sauke manhajarsa. Mutane da yawa sun mayar da lafiyayyen allo suna cewa matacce ne saboda wannan. Sannan da yawa kwakwalwarsu 'yar mitsitsiya ce a liƙe, ba ta ciruwa. In akwai zaɓi, ɗauki mai shanshani.

Inda yake gazawa shi ne 2 KB ɗin nan. Ƙaramin allon OLED mai ɗigo 128 sau 64, idan ka bi da shi ta hanyar da aka saba, yana cinye 1 KB shi kaɗai, wato rabin tunanin Uno. Ka ƙara katin memori da 'yan rubuce-rubuce, sai ka ga allo ya fara sambatu ba tare da ya gaya maka dalili ba. Ba shi da Wi-Fi kuma. An fitar da Uno R4 a 2023 mai ƙarfi sosai, har da samfuri mai Wi-Fi, amma kuɗinsa ya fitar da shi daga layin abin da mai koyo zai ƙona bai damu ba.

Wajen ba shi wuta, raminsa na caja yana son bolt 7 zuwa 12. Kada ka jona shi kai tsaye da batirin inbata, domin lokacin caji yakan haura bolt 14, mai rage wutar allon ya yi zafi kamar dutsen guga. Sa ɗan allon LM2596 a tsakani ya sauko da ita. Ƙaramin batirin bolt 9 na mitar awon wuta ta hannu kuma asarar kuɗi ne, ba ya daɗewa.

ESP32

Kamfanin Espressif na Shanghai ya fitar da shi a 2016, bayan ƙanensa a ƙarfi kuma yayansa a shekaru, ESP8266. Zuciya biyu gare shi masu kai 240 MHz, wurin tunani 520 KB, kuma allunan da aka fi samu suna da 4 MB na ajiya. Ga Wi-Fi ga Bluetooth a cikinsa. Duk da haka kuɗinsa bai yi wa kwaikwayon Uno nisa ba. In ana maganar abin da kuɗi ke saya, babu mai ja da shi, kuma shi nake amfani da shi a yawancin ayyukana yanzu.

Amma doki ne mai harbi. Ƙafafunsa na bolt 3.3 ne, ba a yi su don bolt 5 ba. Nawa na farko a haka ya tafi: na jona masa waya mai bolt 5 bisa sabon da na yi da Uno, ƙafar ta mutu, daga baya allon ya bi ta. Maganin ba tsada, rasista biyu ne, wato ƙananan ƙwayoyin da ke rage gudun wuta, ta 1k da ta 2k, ka jera su su raba wutar ta sauko kusan 3.3. Sai dai mai koyo bai san yana buƙatarsu ba sai bayan ta'aziyya.

Kuma ba kowace ƙafa ce taka ba. Daga lamba 6 zuwa 11 a haɗe suke da ma'ajiyar allon, taɓa su na sa shi ya rikice. Daga 34 zuwa 39 karɓa kawai suke yi, ba sa fitarwa. Lamba 0 da 2 da 12 da 15 yana duba su lokacin tashi, in ka rataya musu abin da bai dace ba sai ya ƙi tashi ko ya ƙi karɓar lodi. Rukuni na biyu na ƙafafun auna wuta ba sa aiki muddin Wi-Fi na kunne, kuma ma'aunin nasa gaba ɗaya ba mai gaskiya ba ne sosai a can ƙasa da can sama. Waɗannan duk abubuwa ne da ake haddacewa cikin mako biyu, amma ga wanda bai taɓa kunna fitila da umarni ba, ba zai iya rarrabe kuskurensa da halin allon ba.

Sai batun ci. Duk lokacin da Wi-Fi ya yi magana yakan fizgi wuta da ƙarfi, shi ya sa ake so a ba shi abin da zai iya bayar da aƙalla 500 mA. Da siririyar igiyar USB ta bakin titi ko gajiyayyiyar caja, sai ka ga yana mutuwa yana tashi, yana rubuto maka ƙorafin cewa wuta ta yi ƙasa. Kafin ka zargi umarninka, canza igiya. Wani abin da ke ɓata wa mutane rana guda: Wi-Fi na 2.4 GHz kaɗai yake gani. Idan wayarka ko MiFi ɗinka na watsa 5 GHz, har abada ba za su haɗu ba sai ka sauya saitin.

Da manhajar Arduino ake rubuta masa umarni, yare ɗaya, don haka wanda ya iya Uno ya yi rabin tafiya. Kayan da za ka sauke don ta gane shi ɗaruruwan megabayit ne, ka tanadi data. Wasu allunan kuma sai ka danne maɓallin BOOT lokacin lodi.

Aikin da ya fi burge ni da shi a garin nan shi ne mai shelar dawowar wuta. Kowa ya san jiniyar da ake sawa a gidaje don a san an kawo wuta a kashe janareto. Da ESP32, tsohuwar cajar waya za ka soka a layin wutar gari, ka rage abin da take fitarwa da rasistocin nan biyu, allon ya ji, ya turo maka saƙo ta Telegram kana can Mile 12 wajen kaya. Hannunka bai kusanci bolt 230 ba ko sau ɗaya.

Raspberry Pi Pico

Ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4, da kwakwalwar RP2040 mai zuciya biyu, gudun 133 MHz, wurin tunani 264 KB. Pico W mai Wi-Fi ya biyo baya a 2022 a kan dala 6, sai Pico 2 a 2024 a kan dala 5. Shi ma ɗan bolt 3.3 ne, don haka gargaɗin ESP32 ya hau kansa.

Abu biyu ne suka ɗaga shi. Na ɗaya MicroPython, wato ƙaramin samfurin yaren rubuta manhaja na Python da aka yi don irin waɗannan alluna. Ka danne maɓallin BOOTSEL, ka soka shi a kwamfuta, ya bayyana kamar filash, ka jefa masa fayil guda, shi ke nan. Daga nan a manhajar Thonny kana rubuta layi kana ganin sakamako nan take, kuma Python ɗin da ka koya zai bi ka har wajen neman aiki. ESP32 ma yana ɗaukar MicroPython, amma hanyar Pico ta fi santsi. Na biyu, yana karɓar wuta daga bolt 1.8 zuwa 5.5, wato batirin 18650 guda ɗaya, irin wanda ake cirowa daga tsohon batirin laftof, ya ishe shi.

Sai dai yawanci tsirara yake zuwa, ba ƙafafu, sai ka liƙa guda 40 da dalma ko ka nemi Pico H wanda aka riga aka liƙa. Ƙafafun auna wuta 3 kawai gare shi. Kuma ba kowane shago ke ajiye shi ba, masu gyara da 'yan makaranta da suka san shi ma ba su kai na Arduino yawa ba. Ranar da ka maƙale, kai da intanet ne.

Raspberry Pi 4 da 5

Tun fitowar na farko a 2012 a kan dala 35 sunan ya zauna a bakin mutane da ma'anar kwamfuta mai arha. Pi 4 ya zo a 2019, shi ma daga dala 35. Pi 5 a 2023, dala 60 mai 4 GB, dala 80 mai 8 GB a farashin fitowa. Wannan kuɗin allo ne tsurarsa. Sai ka ƙara caja ta gaske, bolt 5 amfiya 3 ga Pi 4, amfiya 5 ga Pi 5 in kana so ya saki jiki. Sai katin memori na ƙwarai, da igiyar HDMI mai ƙaramin baki, da gida, da fanka, domin a zafin Legas Pi 5 ba fanka zai kai ma'aunin da yake rage gudu da kansa. Kafin ka farga kuɗin ya tasam ma ninki.

Abin da yake iyawa sauran uku ba sa iyawa: sarrafa hoton kyamara da gaske, riƙe rumbun bayanan shago, zama uwar garken gida, haɗa talabijin. Abin da ba ya jurewa kuwa shi ne abin da muka fi kowa yawa. In aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu a katin memori, katin na iya rikicewa ya ƙi tashi. Ya faru da ni, aikin wata guda ya tafi a dare ɗaya, kuma laifina ne da ban kwafe katin ba. Akwai saitin da ke hana shi rubutu a katin, yana taimakawa ƙwarai. Fawa bank kuwa ba kowanne ne ke tsare shi ba, da yawa sukan yanke wuta na ɗan ƙiftawa idan caji ya zo ko ya tafi, kuma wannan ƙiftawar ta isa. Ba shi da ƙafar auna wuta ko ɗaya, sai ka sayo wani guntu.

Ra'ayina, ko da zai ɓata wa masoyansa rai: in burinka koyon Python ko Linux ne, tokumbon laftof daga kasuwar Computer Village ta Ikeja ya fi maka. Ga allon kallo, ga madannai, ga batirin da zai riƙe ka idan an ɗauke wuta. Sayen Pi don kashe injin ruwa kuwa kamar ɗauko tirela ne don kwandon tumatir ɗaya.

| | Uno R3 | ESP32 | Pico | Pi 4 / Pi 5 |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | na asali sama da dala 20, kwaikwayo da arha | kusa da kwaikwayon Uno | dala 4 zuwa 6 | dala 35 / 60 a farashin fitowa, ban da kayan haɗi |
| Wutar ƙafafu | bolt 5 | bolt 3.3 | bolt 3.3 | bolt 3.3 |
| Wurin tunani | 2 KB | 520 KB | 264 KB | gigabayit |
| Wi-Fi | babu | akwai | sai mai W | akwai |
| In an ɗauke wuta | ba komai | ba komai | ba komai | katin na iya lalacewa |
| Jure kuskure | sosai | kaɗan | kaɗan | kuskure da tsada |
| Dalma | ba buƙata | yawanci a liƙe | yawanci sai ka liƙa | ba buƙata |

A kasuwa, da bayan an dawo gida

Ko Alaba ka nufa ta hanyar Badagry, ko Oshodi, ko Ikeja, kada ka sayi kifi a ruwa. Tafi da laftof, ko waya mai ɗaukar OTG, wato wadda ake iya jona mata kayan USB, a loda umarnin ƙyafta fitila a gabanka. Kamawar jar fitilar wuta ba shaida ba ce, allon da ba ya karɓar lodi ma yana kama ta. Ka haɗa da igiyar da ke ɗaukar bayanai, don igiyoyin caji da yawa wayoyi biyu ne kawai a cikinsu. Uno kuma irin igiyar firinta yake so. Tun kafin ka fita ma, shafin Wokwi yana ba ka damar gwada Uno da ESP32 da Pico a kwamfuta kyauta, ka ga wanda hannunka ya fi faɗawa.

A gida, ajiye alluna a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Duk abin da zai zauna a waje ko kusa da tanki, a rufe shi. HC-SR04 ba ta daɗewa a cikin tururin tanki. JSN-SR04T ce aka yi don ruwa. Batun da ba na wasa da shi kuma: ɗan shuɗin rilen nan an rubuta masa amfiya 10, amma injin ruwa yana fizgar ninkin cinsa lokacin tashi, har bakin rilen ya narke ya manne, injin ya ƙi mutuwa. Rile ya ja kontakta, wato babban makunnin da aka yi don injuna masu cin wuta, kontakta ta ja inji, kuma ɓangaren bolt 230 a bar wa mai aikin wayarin.

Wa ya dace da wanne

Wanda bai taɓa riƙe mita ba, ko uba mai saya wa yaro ɗan sakandare, ya ɗauki kwaikwayon Uno da allon gwaji mai ramukan soka waya da tarin fitilu da rasistoci. Haka mai son injin ƙyanƙyasar ƙwai da zai riƙe zafi a kusan digiri 37.5 na kwana 21, ko ƙararrawar shago: Uno ya isa, kuma gobe za a samu wanda zai gyara.

Wadda ta riga ta yi wata biyu da Arduino, ko ɗalibin da aikinsa na ƙarshe ke buƙatar aika bayani zuwa waya, ESP32 ne nasu, kuma su sayi biyu rana ɗaya, don cunkoson hanyar Alaba ya fi allo tsada. Mai sha'awar rubuta manhaja fiye da wayoyi, ko mai aikin da zai rayu a kan batiri, Pico. Pi kuwa sai wanda aikinsa ke da kyamara ko rumbun bayanai, kuma yake da inbata ko sola da za ta riƙe shi.

Shi ɗan wana na gaya masa gaskiyar da bai so ji ba: matsalar tankin Hajiya, makunnin nan mai yawo a saman ruwa da masu aikin famfo ke sayarwa zai kashe ta ba tare da wani allo ba. Ya ce, "Baffa, to ni me na koya?" Sai muka raba: makunni ya kashe inji, allo ya nuna yawan ruwan da ya rage. Ya sayi Uno mai shanshani, ragowar kuɗin na sa ya sayi mita. ESP32 mun bar shi sai ranar da ya zo min da fitilu huɗu suna kamawa ɗaya bayan ɗaya yayin da tanki ke cika.